Yadda ake shuka Sarauniyar Dare da renonta har ta yi fure

Sarauniyar Dare shuka ce da ake reno shekara guda cur saboda 'yan darare kaɗan. Furenta fari ne fat, faɗinsa ya kai tafin hannu a buɗe ko ma ya fi. Yana fara buɗewa bayan sallar isha'i, ya cika wajen tsakar dare, kafin hantsi ya langaɓe, shi ke nan nasa ya ƙare. Ƙamshinsa kuwa ba ya tsayawa a gida ɗaya, sai maƙwabta sun tambaya. Masana tsirrai suna kiranta Epiphyllum oxypetalum, asalinta kuma dazuzzukan kudancin Meziko ne da Gwatamala da maƙwabtansu na Amurka ta Tsakiya.

Kafin ka taɓa tukunya, ga abin da za ka riƙe. Dangin kaktus ce, wato tsirran nan masu ajiye ruwa a jikinsu, amma ba kaktus ɗin hamada ba. A can garinsu ba a ƙasa take tsirowa ba, a kan manyan itatuwa take maƙalewa, saiwarta a cikin ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a gwafar reshe. Ba ta tsotsar itacen yadda kauci yake yi, wurin zama kawai ta ara. Ruwan sama ya jiƙa ta ya zurare nan take, iska ta bi ta cikin saiwa, rana kuma ta same ta ta tsakanin ganyaye. Masu kashe ta kashi biyu ne: wanda ya ji an ce kaktus ya ajiye ta a tsakiyar rana ya hana ta ruwa, da wanda ya ga faffaɗan "ganyenta" ya dasa ta a ƙasar lambu yana ta kwarara mata ruwa safe da yamma. Wannan abin da ake gani kamar ganye ma ba ganye ba ne, reshe ne da ya baje. Daga 'yan lungunan da ke gefensa toho da fure suke fitowa.

Kayan aiki

Reshen iri, daga uwa mai lafiya wadda ta taɓa yin fure. A nan sai ka buɗe ido, domin masu sayar da furanni a bakin titi suna kiran shuke-shuke fiye da ɗaya da wannan suna. Mafi yawa za a miƙo maka wata 'yar bishiya mai ganye na gaskiya da ƙananan furanni masu ƙamshi da dare, wato Cestrum nocturnum, wadda ba ta haɗa komai da tamu ba. Wani kuma zai ba ka reshen wata shukar da ake cin 'ya'yanta, diragon furut, mai kusurwa uku da ƙananan ƙayoyi. Shi ɗan'uwanta ne, shi ma da dare yake fure, amma renonsa daban. Tamu reshenta shimfiɗaɗɗe ne, mai santsi, babu ƙaya, gefensa yana hawa yana sauka, ga jijiya mai kauri a tsakiya. Ka nemo hotonta a waya ka nuna wa mai sayarwa, ya fi dogon bayani.

Ƙaramar tukunya, faɗin bakinta santimita 10 zuwa 15, mai huji a gindi. Ta yumɓu ta fi, domin tana numfashi kuma tana da nauyin da iska ba za ta kayar ba. In babu, robar fenti ko bokitin da ya tsage ya isa, ka ƙona ƙusa ka huda gindin wuri biyar ko shida, ka ƙara biyu a gefe can ƙasa.

Kayan haɗa ƙasa: ruɓaɓɓen ganye daga gindin bishiya, ɓawon kwakwa, gawayi, da yashi mai tsakuwa irin na gini. Sai tsingaro ko 'yan duwatsu na rufe huji.

Wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, da sifirit na goge ta. In babu sifirit, ka ratsa bakin wuƙar a wuta ka bari ta huce.

Sandar gora da tsumma mai laushi na ɗauri, ɗan garin gawayi, da takin zamani NPK 15-15-15 kaɗan, wanda sai nan gaba za a buƙace shi.

1. Yankan iri

Zaɓi reshen da ya kwana biyu, mai kauri, kore shar, wanda in ka lanƙwasa shi kaɗan yana turjewa. Sabon toho mai laushi da sheƙi ruɓewa yake yi kafin ya yi saiwa. Ka yanki tsawon taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 25. In za ka iya cire reshen gaba ɗaya tun daga siririn wuyansa inda ya manne da uwa, to ka dace, domin wurin ya fi saurin fitar da saiwa kuma bakin ciwon ƙarami ne.

In reshen dogo ne ka raba shi biyu ko uku, nan take ka sa alama da biro a gefen da yake ƙasa. Gutsuren tsakiya sama da ƙasansa kama suke yi, in kuwa ka dasa shi a kife, da wuya ya kama.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, sa'ad da iska ta yi laushi. Ana iya yi a kaka. A tsakiyar bazara dai ban ba ka shawara ba, reshen da ba shi da saiwa ba ya jure wannan zafin.

2. Busar da bakin yanka

Nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Kada ka dasa ranar da ka yanka. Ka shafa garin gawayi a bakin, ka kwantar da reshen a inuwa inda iska ke wucewa, kan tebur ko bakin taga, kwana 7 zuwa 10. A damina mai danshi yana iya kai mako biyu. Abin da kake jira shi ne bakin ya bushe ya yi tauri, in ka taɓa ba ka jin laima. Reshen zai ɗan yanƙwane, wannan ba komai ba ne, yana da ruwan da zai riƙe shi. Ɗanyen baki in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, cikin 'yan kwanaki zai yi baƙi ya narke.

3. Haɗa ƙasa

Wannan matakin shi ne rabin aikin, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Da kwano ɗaya za ka auna komai: ruɓaɓɓen ganye kwano 2, yankakken ɓawon kwakwa kwano 1, farfasasshen gawayi kwano 1, yashi mai tsakuwa kwano 1. Ruɓaɓɓen ganyen ya zama wanda ya koma baƙi yana warin ƙasar daji, irin wanda ake tonowa a gindin tsohon mangwaro. Ka shanya shi a rana kwana biyu don ƙwarin da ke ciki su watse. Ɓawon kwakwa ka daddatsa shi girman gaɓar yatsa, ka jiƙa shi kwana biyu kana sauya ruwan, har jan ruwan ya ragu. Gawayi ka farfasa shi girman ƙwayar gyaɗa, ka ɗauraye ƙurar. Yashi ka tankaɗe shi, ka ɗauki mai tsakuwar ka bar rairayin, domin rairayi toshe ƙofofin iska yake yi.

Inda kwakwa ta yi wuya, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa da ya kwana a waje ya fara ruɓewa yana maye gurbinta. Ɓawon tsohuwar bishiya da ya bushe ya ɓamɓare da kansa shi ma yana yi. Sai dai duk waɗannan abincin gara ne, saboda haka tukunyar ba za ta zauna a kan ƙasa ba, sai a kan bulo ko benci. In babu yashi mai tsakuwa, ka daka tsingaro ko jan bulo da aka gasa.

Abubuwan da ba sa shiga: laka, ƙasar fadama, ɗanyen kashin kaji ko na awaki, toka, da ɓaraguzan siminti. Laka tana riƙe ruwa ta shaƙe saiwa. Ɗanyen taki ƙona ta yake yi. Toka da siminti kuwa suna juya ƙasa ta zama irin mai kanwa-kanwa, ita kuma wannan shuka ta fi son mai ɗan tsami-tsami irin na ruɓaɓɓen ganye.

Ka gwada haɗin kafin ka dasa. Yayyafa masa ruwa, ka damƙi cikin hannu ka matse, ka buɗe. In ya dunƙule ya tsaya kamar an mulmula shi, ya yi nauyi, ƙara gawayi da tsakuwa. In ya wargaje da ɗan taɓawa, ya yi. Gwaji na biyu: cika tukunya ka zuba kofi guda na ruwa. Ya kamata ka ga yana fita ta gindi kafin ka ajiye kofin. In ya kwanta a sama yana jira, sake haɗi.

4. Dasawa da jiran saiwa

Ɗora tsingaro a kan hujin yadda ƙasa ba za ta zube ba amma ruwa zai wuce. Cika tukunya da haɗin yana ɗan sanyi-sanyi, ba jiƙe ba. Soka reshen a tsaye, zurfin santimita 3 zuwa 5, yadda lungu ɗaya ko biyu na gefensa za su shiga ƙasa. Kada ka binne rabinsa don ya tsaya da kansa. Ka kafa siririyar sanda a bayansa ka ɗaure da tsumma sako-sako. Ana iya sa reshe biyu ko uku a tukunya ɗaya, kuma ni haka na fi so, tukunyar ta fi saurin cika.

Sai ka kai ta inuwa mai haske, ka ƙyale ta. Mako na farko babu ruwa ko ɗigo. Daga nan ka riƙa ɗan yayyafawa a gefen tukunya duk sa'ad da saman ya bushe. Tsakanin mako 3 zuwa 6 saiwa take fitowa. In kana son sani, ka ɗan ja reshen a hankali, in ya riƙe to ya kama. Kada ka riƙa tumɓuke shi kana leƙawa, sabuwar saiwa siririya ce, karyewa take yi.

In ka ga gindin ya yi baƙi yana laushi, ba a yi asara ba tukuna. Cire shi, yanke ruɓaɓɓen har ka iske kore mai tsabta, ka sake busarwa, ka dasa a sabon haɗi.

Wasu a ruwa suke fitar da saiwa: a tsoma gindin santimita 2 a kwalba, ana sauya ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Yana yi, kuma yana da daɗin kallo ga yara. Amma da zarar saiwar ta kai tsawon gaɓar yatsa a mayar da shi tukunya, domin saiwar da ta daɗe a ruwa wahala take sha in ta koma ƙasa.

5. Wurin ajiya

Ranar safe take so, daga fitowarta zuwa hantsi, sannan inuwa mai haske har yamma. Barandar da ke kallon gabas ita ce ta ɗaya. Gindin mangwaro ko darbejiya mai ratsin haske shi ma ya yi, har ana iya rataye tukunyar a reshe in igiyar mai ƙarfi ce. Rumfar zana ko asabari tana tace rana daidai yadda take so. Rumfar kwano kuwa a bazara zafi take saukarwa, in dole ne sai nan, to tukunyar ta yi nesa da kwanon.

Shukar da kanta za ta gaya maka. In rassan suka koma rawaya ko ja-ja, ko farin tabo ya fito ya bushe kamar takarda, rana ta yi yawa. In suka yi kore mai duhu, sabbin toho suna fitowa sirara dogaye ba sa bajewa, haske ya yi kaɗan. Irin wannan za ta rayu shekara da shekaru a falo, amma fure sai dai a ji a salansa.

A garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri da Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu yake kai digiri 40 ko ya wuce, bazara ce babbar jarrabawa. Ka janye ta daga jikin bangon da rana ke duka, ka tara ta da sauran tukwanen shuka don su riƙa ba juna laima, ka riƙa yayyafa ruwa a daɓen da ke kewaye da yamma. Kusa da randa wuri ne mai kyau. A Jos da Mambila kuma abin lura sanyi ne, ba ta son ya sauka ƙasa da digiri 10, don haka a darare masu tsananin sanyi a shigar da ita ciki.

Akuya ba ta san sarauniya ba. In akwai dabbobi a gidan, tukunya ta hau sama.

6. Ban ruwa

Ba a ƙayyade mata ranaku, yatsa ake sawa. Tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In ka ji sanyi, bari. In ka ji a bushe, zuba ruwa sosai har ya fita ta gindi, ka bar shi ya tsiyaye. Kada ka ajiye faranti a ƙarƙashi yana tara ruwa. Kuma kada ka bari ƙasar ta bushe ƙayau har ƙasa, domin siraran saiwoyinta mutuwa suke yi.

A bazara tukunyar yumɓu tana iya neman ruwa duk bayan kwana biyu. Da sassafe ko bayan la'asar ake ba ta, ba da tsakar rana ba. A damina sau da yawa sama ce take yi maka aikin. Amma a watan Agusta, in ruwa ya ɗauki kwanaki yana zuba, ka ja ta ƙarƙashin rumfa.

Hunturu kuma lokacin hutunta ne, kuma da wannan hutun fure yake zuwa. Masu renonta a Turai da Amurka sai sun nema mata ɗaki mai ɗan sanyi, mu kuwa Disamba da Janairu suna kawo mana shi har gida. A wannan lokacin ka rage ruwa zuwa kamar sau ɗaya a mako ko kwana goma, gwargwadon abin da zai hana rassa yanƙwanewa, ka daina taki gaba ɗaya, ka kare ta daga busasshiyar iskar da ke kaɗawa. Ƙura tana lulluɓe rassan, sai ka riƙa goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Wasu masu reno suna kuma guje wa ajiye ta ƙarƙashin ƙwan lantarki mai kwana a kunne a wannan lokacin, ni ma haka nake yi.

Ruwan sama ya fi kowane. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a bokiti. Ruwan burtsatse na wasu unguwanni yana barin farin gishiri a bakin tukunya, in ka ga haka, ka kankare shi, sannan lokaci-lokaci ka kwarara ruwan sama mai yawa ya wanke ƙasar.

Wani abu da yake ruɗar sabon shiga: reshe ya yanƙwane alhali ƙasa a jiƙe take. Wannan ba ƙishirwa ba ce, saiwa ce ta ruɓe ba ta iya sha. Ƙarin ruwa ƙarasa ta zai yi. Ka zazzage tukunyar, ka yanke baƙaƙen saiwoyi, ka bar ta ta sha iska kwana biyu, ka sake dasawa a sabon haɗi.

7. Taki

Ba ta da ci. Sai ta yi sabon toho za a fara ba ta. Narka rabin ƙaramin cokali na NPK 15-15-15 a lita 4 na ruwa, ka ba ta sau ɗaya a wata daga ƙarshen hunturu zuwa kaka, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kada ka barbaɗa ƙwayoyin a gindinta. Yuriya kuwa ka bar wa masara, ita rassa za ta sa ta yi ta zubawa babu fure. In shukar ta girma kuma ka samu takin ruwa irin na tumatir, wanda sinadarin fotash ɗinsa ya fi yawa, ka koma kansa daga watan Fabrairu har huda ta fito. In babu takin zamani, jiƙa tsohon kashin shanu da ya bushe ya ruɓe, ka tace, ka sirka har ya yi fari-fari, ka ba ta.

8. Tokara da aski

Bayan ta kafu za ta harbo wasu dogayen rassa zagayayyu kamar bulala daga gindi, suna iya wuce tsayin mutum. Da yawa suna yanke su suna cewa banza ne. Ba banza ba ne, su ne ƙashin bayanta, a jikinsu faffaɗan rassan da ke yin fure suke fitowa. Ka kafa gora biyu ko uku, ka ɗaure su da tsumma, ba da waya ko zaren buhu ba, don suna yanka. In bulalar ta kai tsayin da kake so, kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka tsinke kanta, za ta fara fitar da rassa a gefe.

Aski kaɗan ne: abin da ya bushe, abin da ya ruɓe, da wanda ya karye. Lafiyayyen tsohon reshe kada ka taɓa shi, domin a kan rassan bara da na bara waccan fure yake fitowa. 'Yan saiwoyin da ke fitowa a jikin reshe suna lilo a iska halinta ne, da su take kama itace a daji.

9. Ƙwari da cuta

Wanda ya fi damunta wani farin ƙwaro ne mai kama da ɓurɓushin auduga, yana ɓuya a lungunan reshe yana tsotsa. Sai wasu masu launin ƙasa-ƙasa da suke mannewa a jikin jijiya ba sa motsi, in ka kankare da farce suna ɓallewa. Duka biyun, auduga da sifirit ta ishe su in ba su yi yawa ba. In sun yi yawa, cokali ɗaya na man darbejiya da ɗan ɗigon sabulun ruwa a lita guda, a girgiza a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Kada a fesa da rana, mai da zafi ƙona reshe suke yi. In ka ga tururuwa na safa da marwa a jikinta ba lokacin huda ba, duba da kyau, waɗannan ƙwarin take kiwo.

A damina dodon koɗi yana cin sabon toho da dare, sai ka wayi gari ka ga huji da sawun yauƙi. Fitila da hannu ne maganinsa. Baƙin tabo ko mai ruwan tsatsa da yake faɗaɗa kuwa daga yawan laima da rashin iska yake. Yanke wurin da wuƙa mai tsabta, shafa gawayi, ka ba tukunyar sarari, ka daina jiƙa rassan da dare.

10. Huda da daren fure

Daga reshe, ka sa rai da shekara 2 zuwa 3 kafin furen farko. Galibi daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina take yi, babbar shuka kuma tana iya yi zubi biyu ko uku a shekara.

Huda tana fitowa a lungun gefen reshe, 'yar ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, ja-ja. Bambancinta da toho shi ne ita zagayayya ce mai ɓawo-ɓawo, shi kuwa tun yana ƙarami yake bajewa. Daga ranar da ka gan ta akwai dokoki uku: kada tukunya ta motsa ko a juya ta, kada ƙasa ta bushe, kada a ƙara taki. Sauyin haske ko ƙishirwa yana sa huda ta kakkaɓe. Duk da haka wasu za su zube da kansu, musamman a ƙaramar shuka da ta ɗauko fiye da ƙarfinta.

Cikin kamar mako uku zuwa huɗu wuyan hudar zai yi ta tsawo yana rataye, har ya kai taƙi ko ya ɗan wuce. Ana saura 'yan kwanaki sai ya lanƙwaso kamar ƙugiya, kan ya ɗago. Ranar da za ta buɗe ba ta ɓuya: da la'asar kan zai kumbura, siraran jajayen ɓawon da ke lulluɓe da shi su fara ɗagawa, fari ya leƙo a tsinin. In ka ga haka, ka sanar da mutanen gida, yau ne.

Bayan isha'i bakin zai fara saki. In ka zauna kusa za ka ga ɓawon wajen suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa baya, wani lokaci furen har ɗan rawa yake yi. Ƙamshi yana riga buɗewar cika. Wajen sha ɗaya zuwa sha biyu ya gama, sai ka leƙa cikin maƙogwaronsa: ɗaruruwan siraran zaruruwa masu rawayan gari a kai, da wani farin tsinke da ya fito gaba, kansa a tsattsage kamar tauraro. Mai son hoto ya haska tocila daga gefe, hasken waya na gaba-da-gaba yana wanke farin ya bar shi babu fasali. Fari da ƙamshin nan duk kiran baƙin dare ne, manyan faɗa-wuta masu dogon baki waɗanda suke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan.

Wanda yake son nuna wa wani da safe, ya yanke furen da tsakar dare yana cike, ya tsoma wuyan a ruwa ya sa a firji, zai ƙara masa sa'o'i. 'Ya'ya kuwa kada ka sa rai, ba kasafai take yi a gida ba, domin tana son garin fure daga wata shukar daban, alhali yawancin waɗanda ke gari guda daga reshen uwa ɗaya aka yaɗa su. A Taiwan da wasu sassan ƙasar Sin ba a zubar da furen da ya langaɓe, miya ake sa shi, yana yauƙi kamar kuɓewa. In ka yi feshin magani a jikinta dai, bar wannan.

Furen da ya gama ka bar shi kwana biyu ko uku ya yi laushi, sannan ka yanke wuyan kusa da reshe. Kada ka fizge, yana yage gefen. Ka rage ruwa na mako biyu ta huta, sannan ka koma yadda aka saba.

In shekara uku ta wuce babu huda, duba abu huɗu bi da bi: haske ya yi kaɗan, tukunya ta yi girma, taki ya yi yawa, ko ba ta samu hutun hunturu ba. Mafi yawan lokuta na farkon ne.

11. Sauya tukunya

Ta fi yin fure in saiwa ta cika tukunya ta matsu, don haka kada tausayi ya sa ka kai ta babban baho. Duk shekara 2 ko 3 ya isa, ko in ka ga ruwa ya daina wucewa da sauri saboda haɗin ya ruɓe ya zama laka. Bayan ta gama fure ake yi, ba lokacin da take da huda ba. Sabuwar tukunyar ta fi tsohuwar da faɗin yatsa biyu ko uku kawai. Ku yi aikin ku biyu, ɗaya ya riƙe rassan da gorar, ɗaya ya kwantar da tukunya ya bubbuga gefenta har dunƙulen ya fito. Kakkaɓe tsohuwar ƙasar da ta saki da kanta, yanke matattun saiwoyi, ka zaunar da ita daidai zurfin da take a da, ka cika da sabon haɗi. Ruwa sai bayan kwana huɗu ko biyar, taki kuma sai bayan wata guda. Rassan da suka karye garin aikin, ka sa musu alama a gindi ka kwantar da su a inuwa su bushe, iri ne.